Doki 20 a Kan Titi, Doki 500 a Filin Tsere: Yadda Aka Ƙara wa Ford Sierra RS500 Ƙarfi

A shekarar 1987 kamfanin Ford ya fitar da wata mota a Birtaniya wadda, in takardarta kawai ka duba, za ka ce an cuci mai saye. Sunanta Sierra RS500 Cosworth, kuɗinta fam 19,950. Yayarta, Sierra RS Cosworth, wadda ta riga ta shiga kasuwa da shekara guda, fam 15,950 aka sa mata. To me mutum ya samu da ƙarin fam 4,000? Ƙarfin doki 224 a maimakon 204. Doki 20 ke nan, ba ƙari. Ga shi kuma in ka taka ta a ƙaramin gudu cikin gari, ta fi yayar tata nauyin tashi.

Amma wannan mota dai, da injin nan nata mai lita 2 da silinda 4, ita ce ta riƙa ba da doki wajen 500 a filin tsere, ta kuma hana sauran motoci sakat a Ingila da Jamus da Ostireliya har tsawon shekaru. Duk mai sha'awar ƙara wa mota mai tarbo ƙarfi ya kamata ya san inda fam 4,000 ɗin nan suka shige, domin ba a matsin iska aka kashe su ba.

Yadda abin ya faro

A 1983 aka naɗa Stuart Turner shugaban sashen tseren motoci na Ford a Turai. Ya tarar da kamfanin ba shi da motar da za ta iya karawa a tseren motocin gida: Capri ta tsufa, motocin Rover masu silinda 8 suna ta wuce ta. A Northampton kuwa, kamfanin Cosworth, wanda Mike Costin da Keith Duckworth suka kafa a 1958, ya riga ya ƙera sabon kan inji mai bawul 16 da kamshaf 2 wanda zai hau kan bulok ɗin Pinto, tsohon injin Ford da ke cikin motocin talakawa. Turner ya ga injin, ya ga cewa in aka ɗaura masa tarbo aka saka shi a jikin Sierra, an samu abin da ake nema. Walter Hayes, babban jami'in Ford da ya tsaya wa haɗin gwiwar kamfanin da Cosworth tun shekarun 1960, ya mara masa baya.

Dokar tseren da ake kira Group A ita ce ta tsara komai. Kafin mota ta shiga, sai kamfani ya ƙera guda 5,000 irinta ya sayar wa jama'a. Kuma manyan sassa, kamar bulok da tarbo da na'urar sanyaya iska da yawan nozul masu fesa mai da siffar jiki, dole su zama irin na motar da aka sayar. An nuna Sierra RS Cosworth a bajekolin Geneva a watan Maris na 1985, aka ƙera guda 5,545 a masana'antar Ford da ke Genk a Beljiyam.

Injin da aka sa mata, mai lamba YBB, tun farko an gina shi da shirin wahala. Girmansa cc 1,993. Fistin ɗinsa na Mahle ne, bugaggen ƙarfe ba na zubi ba, haka ma karanshaf da sandunan fistin. Bawul ɗin fitar hayaƙi an cika cikinsu da sodiyam don ya riƙa kwashe zafi daga kan bawul zuwa sama. Matsin silinda an sauke shi zuwa 8 bisa 1, don a bar wa tarbo wuri. Tarbon Garrett T3 ne, ƙwaƙwalwar injin kuma ta Weber-Marelli ce. Matsin iskar da ake ba motar titi bai kai bar 1 ba (bar ma'aunin matsi ne).

Inda ƙaramin tarbo ya tsaya

Tarbo zugazugin maƙeri ne, sai dai hayaƙin injin ne ke buga shi ba hannun yaro ba. Hayaƙi mai zafi yana juya wata farfela, ita kuma tana juya 'yar uwarta da ke ɗaya ƙarshen sanda ɗaya, wadda ke cusa iska cikin inji. Iska ta ƙaru, sai a ƙara mai, wuta ta ƙara ƙarfi. Akwai wata ƙofa a gefen hayaƙi, makanikai na ce mata wesget, da ke buɗewa ta saki rarar hayaƙin in matsi ya kai inda aka tsara. Ka jinkirta buɗe ƙofar nan, matsi ya hau, doki ya ƙaru. Sauƙin wannan dabara shi ne ya halaka injuna da yawa.

A farkon kakar 1987, kafin RS500 ta fito, ƙungiyoyin tsere sun yi ta matsa wa T3 har suka kai injin doki 340 zuwa sama kaɗan. Daga nan abin ya ƙi gaba. Kowane tarbo yana da iyakar iskar da zai iya turawa cikin daɗin rai. In aka wuce iyakar, farfelar da dama tana juyi fiye da sau 100,000 a minti sai ta ƙara gudu, amma abin da take ƙarawa zafi ne ya fi yawa, ba iska ba. A ɗaya gefen kuma ƙaramin bakin hayaƙin yana shaƙe injin: hayaƙi ya kasa fita da sauri, ya taru, ya koma cikin silinda, zafin ciki ya ƙaru. Agogon matsi yana nuna lamba mai faranta rai, injin kuwa yana dahuwa. Tarbo ya riƙa fashewa a tsere, kuma direba Dick Johnson na Ostireliya yana cikin waɗanda suka fi shan wannan wahala a wannan shekarar.

Mafita tana cikin dokar kanta. Bayan guda 5,000 ɗin farko, an yarda kamfani ya ƙera ƙarin guda 500 da aka inganta, kuma duk abin da aka sa musu ya halatta a tsere. Ford ya ware motoci 500 masu sitiyari a dama, ya miƙa wa kamfanin Aston Martin Tickford aikin sauya su. Aka amince da motar ta shiga tsere a watan Agustan 1987.

Abin da aka canza

An fara da tarbo: aka cire T3 aka sa babban Garrett T04. A motar titi wannan kusan koma baya ne. Babbar farfela tana son hayaƙi mai yawa kafin ta ɗauki gudu, shi ya sa direba zai taka totur a ƙaramin juyi ya ji shiru, sai injin ya hau sama sannan ƙarfin ya zo a dunƙule. Ford ya san haka, ya kuma yarda mai saye ya sha wannan jinkirin. Abin da yake nema shi ne tarbon da zai tura iskar doki 500 ba tare da ya fita hayyacinsa ba.

Sai na'urar sanyaya iska, wato intakula, wadda aka ƙara mata girma sosai, aka kuma faɗaɗa bututan shigar iska. A ganina wannan shi ne sashen da masu gyaran mota suka fi rainawa, saboda ba ya ƙara kuma ba ya ƙyalli. Duk iskar da aka matsa sai ta yi zafi. In aka ɗauki iskar waje aka matsa ta zuwa bar 2, tana iya fitowa daga tarbo da zafin da ya haura digiri 150. Iska mai zafi tana da illa biyu. Ta farko, ba ta da nauyi, don haka iskar da ke shiga silinda ba ta kai yadda agogo ke nunawa ba. Ta biyu ta fi muni. A ƙa'ida filogi ne ke kunna wuta, wutar ta bazu a hankali ta tura fistin ƙasa. Amma in cakuɗen mai da iska ya yi zafi da yawa kuma yana cikin matsi, ragowar da wutar ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa a gefen silinda. Ana jin abin kamar ana kaɗa ƙananan ƙusoshi a cikin gwangwani. Wannan fashewar tana kankare siririn labulen iska mai sanyi da ke kare saman fistin, tana fasa gefen da ke riƙe zobba, tana cin gaskit ɗin kan inji. Alminiyam yana narkewa a wajen digiri 660, hayaƙin injin tarbo da ake matsa wa kuwa yana kai 900. Ba a daɗe ana wannan wasa kafin a buɗe inji a tarar da rami a tsakiyar fistin.

Na uku shi ne mai, kuma nan ne dabarar ta fi burge ni. In ka buɗe bonet ɗin RS500 za ka ga nozul 8 a injin silinda 4, jere biyu, kowane jere da bututunsa. A motar titi jere na biyu ba ya aiki ko kaɗan, yana nan zaune kawai. An sa shi ne don doka ta ce yawan nozul ɗin motar tsere ya zama irin na motar kasuwa. Dalilin buƙatarsa kuwa lissafi ne mai sauƙi. A juyi 6,000 a minti, kowace silinda tana da kashi 1 cikin 50 na daƙiƙa ne kafin zagayenta ya dawo. Nozul ba zai iya buɗewa fiye da wannan lokacin ba. In ya kai yana buɗe koyaushe, to ya ƙure, kuma duk iskar da aka ƙara bayan nan ba ta da man da za ta ci. Injin da ba ya cikin wahala yana gudu da iska kashi 14.7 ga mai kashi 1. A cikin matsin tarbo sai an ƙara mai, a sauko wajen 12 bisa 1 ko ƙasa, domin rarar man tana sanyaya cikin silinda. Injin da mai ya yi wa ƙaranci a daidai lokacin da matsi ya hau, sau da yawa yana jan mota da daɗi na ɗan lokaci, shi ya sa direba ba ya farga sai aikin gama ya gama.

Mai tambaya zai ce me ya hana a sa manyan nozul 4 kawai a huta? Babban nozul yana wahalar auna ɗan ƙaramin mai in inji na tsaye yana aiki a hankali, balle da irin ƙwaƙwalwar inji ta wancan zamani. Jere biyu ya warware matsalar: ɗaya na aiki koyaushe, ɗaya ya shigo in an buƙace shi. An kuma sa famfon mai da ya fi ƙarfi, don nozul 8 ba su da amfani in famfo ya kasa ciyar da su.

Bulok ɗin ma an sake zuba shi da kauri a bangon silinda, aka ba sabon injin lamba YBD. An inganta hanyoyin ruwa da na baƙin mai. A waje an cire fitilun hazo na gaba aka sa raga a gurbinsu don iska ta kai ga birki, aka ƙara leɓe a ƙasan bamba, aka ƙara ɗan fiffike na biyu a ƙarƙashin babban fiffiken baya. An ma ƙara wuraren ɗaure ƙafafun baya waɗanda motar titi ba ta amfani da su, don makanikan tsere su samu damar sauya tsayuwar taya.

Ka duba jerin nan da kyau. Abu ɗaya ne kawai a ciki ke ƙara iska. Duk sauran aikinsu kwashe zafi, ko kai mai, ko jure duka, ko tsayar da mota.

Rauni ya koma bayan mota

Da motar ta isa hannun ƙungiyoyin tsere, sai suka haɗa jere na biyu na nozul, suka sake rubuta lissafin ƙwaƙwalwar inji, suka sauya kamshaf, suka ɗaga matsi zuwa wajen bar 2 ko fiye. Ƙarfi ya yi tsalle zuwa kusan doki 500, daga baya ma ya wuce. Motocin ƙungiyar Ruedi Eggenberger na Suwizalan, baƙaƙe masu tambarin Texaco, sun ci wa Ford kambun ƙungiyoyi a gasar duniya ta 1987. A tseren Bathurst da ke Ostireliya na wannan shekarar su suka zo na ɗaya da na biyu, amma aka soke nasarar saboda an faɗaɗa bakin mazaunin taya fiye da yadda doka ta yarda, aka ba Peter Brock mai tuƙa Holden. Sokewar ta sa direbobin Eggenberger, Klaus Ludwig da Klaus Niedzwiedz, suka rasa kambun direbobi, Roberto Ravaglia mai BMW M3 ya ɗauke da tazarar maki 1.

Abin lura a nan shi ne dalilin da ya sa aka taɓa mazaunin tayar tun farko. Injin ya daina zama matsala, yanzu taya ce matsala.

Haka abin ya riƙa tafiya daga gaba zuwa baya. Giyabos ɗin motar titi, BorgWarner T5 da aka aro daga Mustang, tun ana gwajin motar farko ya nuna ba ya son yawan juyi, sai da aka sake masa aiki kafin a fara sayarwa. A tsere kuwa aka koma Getrag. Bayan giyabos sai aksul ɗin baya ya fara karyewa, musamman a Ostireliya inda ake tashi daga tsaye. Dick Johnson, tare da injiniya Ron Harrop, ya samu amincewar sa difaranshal ɗin Ford mai inci 9, wanda asalinsa na manyan motocin Amurka ne. Da wannan ya ci gasar Ostireliya a 1988 da 1989. A 1988 ya kai jar motarsa Silverstone a Ingila, ya fi kowa sauri a gwajin share fage, har da motocin Eggenberger da na direban Birtaniya Andy Rouse, ya kuma jagoranci tseren, sai famfon ruwa ya ba shi matsala. Mota mai doki 500, ƙaramin famfon ruwa ya tsayar da ita.

Ludwig ya ci gasar Jamus a 1988. Tony Longhurst da Tomas Mezera sun ci Bathurst a 1988, Johnson da John Bowe a 1989. Motar Eggenberger ta ci tseren awa 24 na Spa da ke Beljiyam a 1989, wanda a wurina ya fi duk sauran nuna ingancin aikin, domin fitar da doki 500 na minti biyar daban, riƙe shi dare da rana daban. Robb Gravett ya ci gasar Birtaniya a 1990.

Masu motar gida

Matasan Ingila da suka sayi Cosworth ta yau da kullum su ma sun bi hanyar, da ɗan abin da ke aljihunsu, kuma matakan da suka gano sun maimaita abin da Ford ya yi. Matakin farko sabon cip ne a ƙwaƙwalwa da ƙaƙƙarfan abin jan wesget, mota ta kai wajen doki 270. Daga nan sai a ci karo da bango biyu. Sensan da ke auna matsin iska na bar 2 ne, kuma bar 1 a ciki iskar duniya ce, ke nan in matsin tarbo ya wuce bar 1 ƙwaƙwalwa ta makance, ba ta san an ƙara iska ba balle ta ƙara mai. Sai a sa sensa mai bar 3. Nozul ɗin asali masu launin rawaya su ma sun ƙure, sai a sa koraye na Bosch, a sake cip ɗin da ya dace da su, a kai wajen doki 330. Wanda ya nemi fiye da haka sai ya shiga sayen babban tarbo, da gaskit mai ƙarfi, da kuloci, da intakula irin ta RS500. Waɗanda suka tsallake layi, suka matse tiyon wesget kawai suka hau titi, su ne suka cika garejoji da narkakkun fistin.

Wannan ne ke damuna in na ga yadda ake yi wa Golf GTI ko BMW 335i a garuruwanmu. A sauko da lissafin da aka rubuta wa mai mai lambar oktan 98 da sanyin Jamus, a loda wa motar da za ta sha man da ba a rubuta lambarsa a jikin famfo ba, ta kuma yi gudu a Kano ko Sakkwato a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ƙurar hunturun da ya wuce tana nan maƙale a jikin intakula da lagireto. Motocin yanzu suna da sensan da ke jin fashewar nan ya ja lokacin kunna wuta baya, don haka injin ba lalle ya mutu nan take ba. Abin da ke faruwa shi ne dokin da aka biya kuɗi dominsa yana zubewa a ɓoye, zafin hayaƙi yana hawa, tarbo yana cin wuya. Na'urar da ake jona wa mota tana nuna duk wannan: nawa aka ja wuta baya a kowace silinda, zafin iskar da ke shiga, matsin da aka nema da wanda aka samu, matsin mai a bututu. Makanikin da ya ƙara wa motarka matsi bai duba waɗannan lambobi a kan hanya da rana tsaka ba, bai gama aikinsa ba, ko da motar tana tashi kamar za ta bar ƙasa.

Abin da ba a iya gyarawa ba

Daga 1988 hukumar tsere ta sauya lissafin motoci masu tarbo. A da ana ninka girman inji da 1.4, aka mayar 1.7, sai RS500 ta koma ajin da mafi ƙarancin nauyinsa kilo 1,100 ne. Faɗin taya kuma doka ce ke yanke shi, ga mazaunin tayar Sierra ba shi da yalwa. Doki 500 da ɗoriya suna sauka a kan tayoyin baya guda biyu, kuma suna zuwa ne a dunƙule saboda babban tarbo. Direbobi sun riƙa lallaɓa totur a fitowa daga kwana, in tsere ya yi nisa tayar baya ta gama cinyewa. Ƙarin matsi ba shi da sauran amfani a nan, don ƙasa ba ta karɓar wanda ake da shi ma.

Nissan ya zo da amsar a Skyline GT-R, wadda ta fito a 1989 da injin lita 2.6 mai silinda 6 da ƙananan tarbo biyu, tana kuma ja da ƙafa huɗu. Ta fi Sierra nauyi, amma tana iya sauke ƙarfinta ƙasa tun daga tsakiyar kwana. Ta mamaye gasar Japan daga 1990, Jim Richards da Mark Skaife kuma suka ci Bathurst da ita a 1991 da 1992. Birtaniya ta koma tseren motoci masu lita 2 marasa tarbo daga 1991, Ostireliya kuma ta rufe babin Group A a ƙarshen 1992.